Ajin da Aka Gina a Hanyar Baƙin Ruwa

A gindin murhun banda aka ƙulla maganar, da hantsi, hayaƙi na shiga musu ido. Asibi tana juya tarwaɗa bisa waya, Kansila Haliru kuwa ya tsuguna gefe, ya tattare babbar rigarsa tsakanin gwiwoyi don kada ta kwashi ƙarni.

"Inna, ba ni ke so ba," in ji shi. "Gwamnati ke so, da wata ƙungiya ta masu taimakon ɗiya mata. Su za su kawo siminti da kwano da benci. Mu ƙaramar hukuma namu fili da malama. Fili kuwa, duk Tungan Dudu babu kamar tudunki."

"Na sani. Shi ya sa ƙafarka ta gane hanyar gidan ga yau. Rabonka da nan tun ranar da kaz zo neman ƙuri'a, ɗan Basiru."

Ya yi irin dariyar nan da ake koyowa a sakatariya, wadda ba ta kai wa ciki.

Tudun da ake magana gadon mijinta ne, marigayi Yohanna, kuma shi kaɗai ne wurin da ruwa bai taɓa lasa ba a garin. Asibi ba ta wasa da wannan. Tana 'yar shekara shida aka toshe Kwara a Kainji, ruwa ya haɗiye gungunsu, tsibirin da aka haife ta, ubanta ya ɗoro ta a jirgi tare da awaki da dutsen niƙa. Tun ranar ba ta sake yarda da ƙasa mai kwari ba, ko da wa ya rantse mata.

Amma akwai Yasira, jikarta, shekara goma sha ɗaya. Makarantar da ta fi kusa tana tsallaken ruwa, tafiyar awa guda a jirgi. Tun da wani jirgin 'yan kasuwa ya kife a hanyar, kuma tun da aka sace 'yan makaranta a Birnin Yauri, babu uwar da ke barin ɗiyarta ta yi nisa. Maza dai ana tura su. Matan suna nan suna fere kifi har hannunsu ya yi kanta.

"Na ba da," Asibi ta ce. "Ba ni son ko sisi. Sharaɗi guda: bisa tudu za a yi ajin. Ban ce gefen tudu ba, ban ce gindin tudu ba. Bisa."

"Haba Inna, ina kuma za a yi shi? Da bakina na faɗa."

Ya fasa goro, ta ɗauki ɓari. Ya zaro takarda da ɗan akwatin tawada, ta goge yatsa a zane ta dangwala. Ba ta ce a karanta mata ba. Wa zai karanta? Shi ne dai.

Da bazara baƙin suka zo, mutanen ƙungiyar. A lokacin ruwa ya janye ya yi nisa, sai ka yi tafiya mai kyau kafin ka jiƙa ƙafa. Inda ya bari kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, an riga an cire albasar da aka yi a kansa. Nan motar siminti ta tsaya. Nan aka kafa turaku aka ja igiya.

Asibi ta bar kifi bisa wuta ta gangara.

Shugabar baƙin wata yarinya ce daga Kaduna, Malama Suwaiba, da riga mai sunan ƙungiya a ƙirji da gorar ruwa a hannu. Ta rusuna ta gai da Asibi da ladabi. Ba muguwa ba ce, wannan kam kowa ya shaida. Abin da ke gare ta shi ne ba ta taɓa kwana bakin ruwan nan ba.

"Ɗiyata, mi kuke aunawa nan?"

"Ajin 'yan mata, Mama. Kansila ya ce nan ne filin da aka bayar. Injiniya ma ya fi son nan. Can sama dutse ne, mota ba za ta hau ba."

Asibi ta juya ta dubi Haliru. Haliru ya dubi wayarsa.

Ta kama hannun Suwaiba ta ja ta zuwa wani dutse da ke tsaye tsakiyar filin. A jikinsa akwai layi, daga ƙasa har daidai ƙirjin mutum dutsen ya yi baƙi, daga nan sama ya yi fari. "Duba nan. Wa kike tsammani ya zana wanga? Nan ɗakin kwanan ruwa ne. Ya fita yawo ne, zai dawo."

"Mun yi la'akari da damina, Mama. Za a ɗaga harsashin."

"Ba damina nike faɗa miki ba."

Sai Haliru ya ce wani abu da Turanci, injiniya ya ƙyalƙyale da dariya, Suwaiba ta yi murmushi tana ɓoye baki. Asibi ba ta jin Turanci, amma dariya ba ta da yare. Sannan ya juyo gare ta da murya mai taushi: "Inna, wancan tsohon zance ne. Yanzu masu dam da na'ura suke sarrafa ruwa. Ki koma kada kifinki ya ƙone."

Abin da ya fi ci mata rai ba Haliru ba ne. Mazan garin ne. Suna nan tsaye, su ashirin ko fi, kowa da shebur ko kwanon ɗibar yashi, an ɗauke su leburanci. Babu wanda bai san layin dutsen nan ba a cikinsu. Wasu a daidai wurin suke zuba raga idan ruwa ya cika. Ko akuyar Tungan Dudu ta san ba a kafa turke nan. Amma bakin da ke tauna ba ya magana. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu abin dubawa a ƙasa.

"Allah wadaran gemun da ke tsoron hula," ta ce, ta haura.

Gini ya tashi. Ɗaki biyu, farin fenti, kwano mai walƙiya har ana hango shi daga jirgin Warra. Damina ta sauka, farin ruwa ya zo kamar yadda ya saba, mai kauri kamar kunu, ya yi ta matsowa har ya tsaya taku goma daga ƙofar ajin. Sai sama ta ɗauke. Hadari ya tafi.

A cikin watannin nan ne wani abu ya tsiro bisa tudu. Rumbunan albasa guda uku, masu rufin ciyawa, dogaye, an kewaye su da waya. Da Asibi ta je ta tsaya bakin wayar, mai gadi ya ce mata filin gwamnati ne yanzu, Kansila ya ce kada a bar kowa ya shiga. Kabarin Yohanna na ciki. Ta tsaya ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, sai dai ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Aka yi bikin buɗewa bayan an gama girbin gero. Rumfuna, kujerun roba, makaɗa, lasifika. Tun safe aka jera 'yan mata arba'in cikin sabon yunifom a rana, manyan baƙi ba su iso ba sai bayan azahar. Allon sanarwa biyu aka kafa, domin an kasa shiryawa kan sunan wa zai zo sama, na gwamnati ko na ƙungiya. Duk wanda ya riƙe lasifika sai ya ce haɗin gwiwa. Asibi ta ƙirga har sau goma sha ɗaya ta gaji. Shugaban ƙaramar hukuma bai zo ba, wakili ya turo. Aka miƙa wa wakilin makulli ana ɗaukar hoto, aka kawo takardar miƙa gini ya ce shi ba shi da hurumin sa hannu, a kai ofis. Yana shiga mota ya cusa makullin a hannun Christiana, malamar da aka turo.

Suwaiba ta nemo Asibi cikin taron ta riƙe hannunta biyu. "Mama, kin gani? Damina ta zo ta wuce, ko digo bai shiga ba."

"Wanda ya wuce fari ne, ɗiyata, ruwan saman kanmu. Baƙin ruwa na hanya. Shi ruwan wasu ƙasashe ne can yamma, watanni yake yi yana tahowa. Ba ya jiran hadari, ba ya sallama."

Suwaiba ta dubi sama, fes, babu ko gajimare guda. Ta matse hannun tsohuwar cikin tausayi, ta shiga mota.

Mako biyar aka yi ana karatu. Asibi ba za ta manta da su ba. Da safe sai ta ji muryoyin 'yan mata suna tashi daga kwari suna maimaita abin da Christiana ke faɗa. Rannan Yasira ta dawo ta ɗauki gawayi ta yi wasu zane biyar a jikin murhun banda.

"Mi ne ne wanga kike ɓata mini bango?"

"Sunanki ne, tsohuwa. Ga shi nan: Asibi. Kin ga na farkon kamar rufin ɗaki."

"Ke dai kin cika iyayi. Sunana har ya kai haka tsawo?"

"Da kin yi karatu da kin auri gwamna."

"Tahi can, mai kan tarwaɗa. Kakanki ya fi gwamna, shi ya san inda ruwa ke kwana."

Ta hana kowa goge wurin.

Saura mako uku Kirsimeti ruwa ya motsa. Babu iska, babu tsawa. Ruwa ne garai, mai duhu, kana ganin ƙafarka a ciki. Asibi ta kafa kara a bakinsa da safe, washegari karan na tsaye cikin ruwa. Ta kafa wani, shi ma haka. Kwana na shida ya hau dakalin ajin. Kwana na takwas 'yan mata na zaune bisa benci sun naɗe ƙafafu, silifas na yawo a ƙasa kamar ƙananan jirage.

Christiana ta hau tudu neman sabis ɗin waya, Asibi na tsaye kusa da ita. Ta kira ƙaramar hukuma. Aka ce ginin na ƙungiya ne, ba a riga an karɓa a rubuce ba. Ta kira ƙungiya. Aka ce sun miƙa tun ranar biki, ga hotuna, aikin Tungan Dudu an rufe shi. Ta kira Haliru. Ya ce a sallami yara, a jira ruwa ya janye.

"Yaushe ke nan?" Christiana ta tambaya bayan ta kashe waya.

"Bazara," in ji Asibi. "Sannan baɗi ya dawo. Da baɗin waccan. Har 'yan matan ga su yi jikoki."

Ranar Yasira ta dawo gida da littafinta a jiƙe, tawada ta narke, shafi ya manne da shafi. Ta shanya shi kusa da wuta ba ta ce komai ba. Yarinyar da bakinta ba ya rufuwa. Asibi ta dubi littafin, ta dubi sunanta a bango, ta ɗaura ɗamara da gyale.

Ba ta je wurin maza ba. Gida gida ta bi na matan banda, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci da masu bin na gargajiya, don a Tungan Dudu duk tukunya guda ce. Abin da ta ce musu kaɗan ne. "Bangon can yashi ne da fenti, ya fara tsagewa. In ya zube, kwano da benci sun tahi. Ku fito da jirage."

Da rana tsaka aka yi, kowa na gani. Jirage tara. Asibi ce ta fara tura nata ta ƙofar ajin, ta shiga da shi har gaban allo. Aka fitar da benci, aka ciro allo, aka kwance tagogi. Matan da suka fi ƙarfi suka hau bisa suna ɓamɓare ƙusa da guduma da bakin gatari. Maza na zaune gindin tsamiya suna kallo, har wata ta ɗaga murya daga saman rufi ta ce, "Ku da kunka iya ɗorawa, ba ku iya saukewa? Ko sai Kansila ya ba ku izinin tashi?" Kunya ta taso da mutum huɗu. Sauran suka ce za su je duba raga.

Da ka aka hau tudu da kayan. Mai gadi ya zo zai yi magana, ya ga mata talatin da gudumomi, ya tuna yana da uzuri a cikin gari. Asibi da hannunta ta kwance wayar. Cikin kwana uku aka kafa ginshiƙai na giginya, aka ɗora kwano, aka jera benci, daf da kabarin Yohanna, ƙofar rumbun albasa na farko na kallon allo. Babu bango. Christiana ta tsaya ta ce, "Ina munka tsaya?" 'Yan mata suka amsa gaba ɗaya.

Washegari da safe Haliru ya zo da 'yan sanda biyu.

A caji ofis aka zaunar da Asibi bisa benci. Sufeton wani dattijo ne mai furfura a gashin baki, da ka gan shi ka ga wanda ya gaji da ƙaryar mutane. Suwaiba ma ta iso, don Christiana ta tura mata hoton ginin, ruwa har taga, allunan sanarwa biyu na leƙowa kamar kunnen dorina. Idanunta sun yi ja.

"Laifi biyu," in ji Haliru. "Satar kayan gwamnati, da shiga filin gwamnati."

"To," sufeto ya ja takarda. "Kayan na gwamnati ne. Sai mu rubuta: ginin gwamnati ya nutse, an kwashe rufinsa. Za su tambaye ni wa ya zaɓi wurin. Wa zan rubuta?"

Haliru ya ce bari ya kira sakatare. Ya fita, ya daɗe, ya dawo yana share zufa. "A gaskiya, Yallaɓai, a rubuce ba mu karɓa ba tukuna. Har yanzu na ƙungiya ne."

"Madalla. Hajiya, ke ce mai ƙara ke nan?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. "Manyana sun ce mun miƙa. Sun ce kada in sa sunan ƙungiya a komai."

Sufeto ya ajiye biro. Asibi ta gyara zama.

"Yallaɓai, a ba ni dama? Ranar hoto, ɗakin ga uba biyu gare shi, har suna faɗa kan wa za a fara kira. Ranar ruwa, maraya ne. Ni maraya na tsamo daga ruwa. In akwai ubansa, ya tashi tsaye ya ce nawa ne, sannan ku rufe ni."

Babu wanda ya tashi. Wani kofur a bakin ƙofa ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Saura fili," in ji Haliru da sauri, ya zaro takardar nan mai dangwalen yatsa. "Ga shi, da hannunta ta bayar."

"Na bayar," in ji Asibi. "A karanta mini. Tun da anka yi ta ban ji abin da ta ce ba. Ke ɗiyata, karanta, kuma ki juya mini da Hausa."

Suwaiba ta karɓa. Ta karanta layi biyu ta tsaya, ta koma farko. Takardar ta ce Asibi matar Yohanna ta ba ƙaramar hukuma tudunta kyauta, har abada, don ayyukan ci gaba. Babu aji a ciki. Babu 'yan mata. Ta ɗago ta dubi Haliru.

"Tudu aka ba mu? Kai ka ce mini kwari ne filin."

"Malama, injiniyanku ne ya ce..."

"Ta nuna mini dutsen! Ta kama hannuna ta kai ni. Kai ka ce da mu tsufa ne ke damunta."

"Au, abin da anka yi wa dariya ke nan," in ji Asibi. "Na gode da kin faɗa mini. Ke ma kin yi murmushi ranar, ban manta ba. Kin zo taimakon mata, mace ta yi miki magana, kin tambayi namiji ko tana da hankali."

Suwaiba ta miƙa takardar.

Sufeto ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. "Kansila, fili na gwamnati ne, na yarda. Albasar da ka tara a kai fa? Ita ma ta gwamnati ce? Don in za a fitar da masu shiga ba izini, da ita za mu fara."

Haliru ya naɗe takardarsa. Ya ce magana ce ta gida, za a sasanta.

Kafin la'asar Asibi na bisa jirgin komawa. Suwaiba ta biyo ta har bakin ruwa ta ba ta kwafin takardar, ta ce za ta rubuta wa manyanta gaskiya. Ta rubuta ɗin. Aka gode mata, aka mai da ita wata jiha.

Yanzu in ka bi ta Tungan Dudu da safe za ka ji karatu daga bisa tudu. Rumfar na nan, babu bango, iska na ɗauke takardu, warin albasa na shiga hanci. Asibi ta ajiye kwafin nan cikin kwanon da take adana zannuwan bikinta. Duk Lahadi bayan coci takan fito da shi ta ce Yasira ta gwada. Yarinyar ta kai layi na biyu.

Wa ya ci, wa ya sha ƙasa? Haliru ya ci kashi biyu cikin uku na tudu, kuma har gobe shi ne kansila. Ƙungiya ta ci hotunanta, suna nan cikin littafinsu na shekara, fari tas, babu ruwa ko digo. Ƙaramar hukuma ta ci suna, don a takardunta akwai makarantar 'yan mata mai ɗaki biyu a Tungan Dudu, kuma ba ta taɓa aiko kowa ya duba ba. Mazan gari sun ci leburanci, ga shi yanzu tarwaɗa ta samu ɗaki a cikin kangon, can suke kama manya. Asibi ta rasa gadon mijinta, sai ta ratsa tsakanin rumbunan wani kafin ta kai kabarinsa. 'Yan mata arba'in sun rasa bango da ƙofa da aka yi musu alkawari da lasifika. Abin da ya rage musu kwano ne da benci da malama guda, bisa tudu, inda tsohuwar ta ce tun farko.